Harshen Titi a Bakin Mai Bincike: Daga Sarar Amurkawa Zuwa Hausar Kasuwar Dawanau

Tsakure

Takardar ta dubi yadda marubutan labaran binciken laifi na Amurka suka ɗauko maganar titi suka mai da ita ƙashin bayan salonsu tun daga shekarun 1920, da yadda salon ya iso ƙasar Hausa ta hannun wani Baturen Ingila wanda bai ji maganar da kunnensa ba. Daga nan ta ya da zango a kasuwar hatsi ta Dawanau, don nuna cewa marubucin Hausa yana da irin wannan harshe a ƙofar gidansa. Matsayin takardar shi ne, a labarin laifi yadda mutum ke magana hujja ce a kansa, kuma marubuci ba ya samun wannan hujja sai ya je ya saurara.

Gabatarwa



Duk wanda ya saba karanta labarin laifi da Hausa ya san wurin da labarin kan yi sanyi. Marubuci ya tsara komai yadda ya kamata, dare ya raba, an fasa sito, an kama mutum, zuciyar mai karatu ta fara bugawa. Sai wanda aka kama ya buɗe baki, ka ji shi yana magana kamar mai karanta labaran duniya a rediyo. Ɗan sanda ya amsa masa da irin wannan Hausar, dillali ma haka, yaron mota ma haka. Daga nan mai karatu ya daina jin mutane, marubucin kaɗai yake ji. Wannan ita ce matsalar da ta sa na rubuta takardar nan.

Abin da nake kira harshen titi ya haɗa abubuwa uku da manazarta harshe suka riga suka bambance. Akwai sara, kalmomi da salon da wani rukuni, galibi matasa, kan ƙirƙiro a yi yayinsu a watsar. Akwai karin harshen sana'a, irin na dillalai da mahauta da direbobi, wanda ya fi sara tsawon rai. Sai zaurance, inda ake juya gaɓoɓi don kada bare ya gane. Na farko da na biyu su ne suka fi shafar maganarmu.

Inda Amurkawa suka samo nasu

A 1920 H. L. Mencken da George Jean Nathan suka kafa mujallar Black Mask, mujalla mai arhar takarda wadda talaka ke saya ya karanta a jirgi ya yar. A shekarar ce kuma dokar hana sayar da giya ta fara aiki a Amurka, ba a soke ta ba sai 1933. Cikin waɗannan shekaru fasa-ƙwaurin giya ya zama babbar sana'a, gungun 'yan ta'adda irin na Al Capone suka yi ƙarfi a Chicago, cin hanci ya shiga 'yan sanda da 'yan siyasa. Labarin bincike da aka gada daga Ingila, inda ake kashe attajiri da guba a gidansa na ƙauye, kowa yana Ingilishin makaranta, bai dace da wannan duniyar ba. Sai wani sabon salo ya tsiro a Black Mask, wanda suke kira hard-boiled, wato labarin mai bincike mai taurin rai. Carroll John Daly da Dashiell Hammett ne suka buɗe fagen a 1923.

Hammett ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton tsakanin 1915 da 1922. Ya bi sawun ɓarayi, ya zauna da 'yan damfara, ya rubuta rahoto a kansu. Saboda haka da ya zo rubuta Red Harvest a 1929 da The Maltese Falcon a 1930, bai nemi kalmomi a ƙamus ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin da ya sa kalmomin suka yi. Mai bincikensa yana gane mutum daga furucinsa: wannan tsohon fursuna ne, wancan baƙo ne a garin, wannan kuma yana kwaikwayon 'yan harka ne amma ba ya cikinsu. Kuma da yake mai binciken ba shi da dukiya, ba shi da kujerar mulki, sau da yawa ma 'yan sanda ba sa ƙaunarsa, makamin da ya rage masa a gaban attajiri ko shugaban 'yan ta'adda shi ne baƙar magana. Da ita yake nuna cewa ba a saye shi ba.

Akwai wani labari da Erle Stanley Gardner ya bayar a 1965 wanda ya kamata kowane marubuci ya sani. Editan Black Mask daga 1926 zuwa 1936, Joseph Shaw, ba ya barin kalmar batsa ta wuce. Hammett ya sa kalmar gunsel a The Maltese Falcon. Asalinta daga harshen Yahudawan Turai take, kuma a bakin 'yan yawon duniya da fursunoni tana nufin yaron da babban namiji ke ajiyewa don lalata. Editan ya ga farkonta ya yi kama da sunan bindiga a Ingilishi, ya ɗauka ɗan bindiga ake nufi, ya bar ta. Marubutan da suka biyo baya suka kwashe ta da wannan fahimtar, suka yi ta sa ta a littattafai, har ma'anar kuskuren ta shiga ƙamus. Wanda ya ji kalma a titi ya san nauyinta. Wanda ya kwafe ta daga littafin wani yana iya yin shekaru yana faɗin abin da bai nufa ba.

Raymond Chandler ta wata ƙofar ya shigo. An haife shi a Chicago a 1888, amma a Ingila ya tashi, ya yi karatu a kwalejin Dulwich, bai koma Amurka da zama ba sai 1912. Ya haura shekara 40 kafin labarinsa na farko ya fito a Black Mask a 1933. Da bakinsa ya ce sai da ya koyi Ingilishin Amurka kamar yadda ake koyon baƙon harshe, kuma littattafan ajiyarsa da aka buga bayan rasuwarsa suna ɗauke da jerin kalmomin 'yan sane da na gidan yari da na ma'aikatan jirgin ƙasa. A wata wasiƙa ta 1949 ya bayyana ra'ayin da nake ganin har gobe yana da amfani: sara iri biyu ce ke da rai a rubutu, wadda ta riga ta zauna a harshe da wadda marubuci ya ƙirƙira da kansa, sauran kuwa kafin littafi ya fito daga maɗaba'a an daina yayinsu. Sunan littafinsa na 1939, The Big Sleep, wato babban barci da nufin mutuwa, yana cikin abin da shi ya ƙirƙira.

Yadda salon ya iso gare mu

Ba Hammett ko Chandler ne suka cika jakunkunan 'yan sakandare a Kano da Zariya da Katsina a shekarun 1970 da 1980 ba. James Hadley Chase ne. Sunansa na yanka René Raymond, haifaffen Landan a 1906, kuma littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, ya fito a 1939. Ya rubuta shi ne da taimakon taswirori da ƙamus na sarar Amurkawa, bai taɓa zama a ƙasar ba. George Orwell ya yi sharhi a kan littafin a 1944, ya lura da yadda Baturen Ingila ya ari bakin Amurkawa ya rubuta wa 'yan Ingila. Chase gwanin ƙulla labari ne, wanda ya fara littafinsa ba ya ajiyewa, kuma ya rubuta kusan 90. Amma harshen da ya miƙo mana aro ne a hannunsa tun kafin ya zo namu.

Faransawa sun bi wata hanya da ta fi dacewa mu duba. A 1945 Marcel Duhamel ya kafa jerin littattafan Série noire a kamfanin Gallimard, kuma Chase yana cikin na farko-farko da aka fassara. Masu fassarar ba su ɗauko kalmomin Amurka ba, suka nemo maganar 'yan harkar Paris suka sa a bakin taurarin. Duhamel ɗin ne kuma ya sa baƙar fatar Amurka Chester Himes ya fara rubuta labaran bincikensa na unguwar Harlem a 1957, da muryar mutanen unguwar. Kowa ya koma titinsa.

A Hausa, bakin ɗan duniya ba baƙo ba ne a rubutu. Tun a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubuta littattafai ta 1933, zaƙin littafin yana cikin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna wayo da baki. Labarin laifi na zamani kuwa ya bayyana sosai a gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya, wadda littattafanta suka fito a 1982: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan Mailoma da ƙungiyarsa ta ta'addanci. Bayan haka aka shiga zamanin da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano. Soyayya da zaman aure ne suka fi yawa a cikinsa, amma an samu marubutan da suka karkata ga labaran bincike da ban tsoro da 'yan fashi, kuma yau irinsu na yawo a WhatsApp da Wattpad, ana karanta wasu a rediyo da YouTube.

Abin da na lura da shi a yawancin irin waɗannan labarai shi ne ƙirar ta Chase ce da ta fina-finai: jami'in sirri, akwatin kuɗi, otal, tseren mota. Idan aka zo magana, ko dai a bar kowa da daidaitacciyar Hausa, ko a yayyafa wa mugu Ingilishi don a nuna shi ɗan zamani ne. Ban ga laifin aron ƙira ba, adabin duniya duk haka yake tafiya. Abin da ke damuna shi ne an aro ƙirar an bar abin da ya ba ta rai a inda aka ƙirƙire ta, wato sauraron mutane.

Dawanau

Dawanau tana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, gonaki da ƙauyuka kewaye da ita. Kasuwarta ta hatsi, wadda ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, ana lissafa ta a matsayin mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da waken suya suna shigowa daga ko'ina a Arewa, suna fita zuwa Kudu da Nijar da Chadi da Kamaru. Riɗi da zoɓo da citta kuwa har ƙasashen Asiya da Meziko ake kai su. A rana guda mutum zai ji Kananci da Katsinanci da Hausar Maraɗi da ta Damagaram, ga Hausar Bayarabe da ta Inyamuri ɗan kasuwa, ga tafinta tsakanin dillali da ɗan Sin ko ɗan Indiya. Ban san wani wuri a ƙasar Kano da ya tara kuɗi da baƙi da bakuna iri-iri haka ba, kuma waɗannan ukun su ne kayan haɗin labarin bincike.

Kafin in ci gaba, dole in faɗi abu guda a fili. Ba ina cewa Dawanau matattarar laifi ce ba. Kasuwar a kan amana take tafiya. Ana sauke kayan miliyoyin naira a rumfar mutum da magana kawai, manomi ya bar buhunansa ya koma ƙauye, fatake su aiko kuɗi ba su ga kaya ba. Nan ne ma bambancinmu da Amurkawa yake. Labarin Hammett yana farawa a garin da ba mai yarda da kowa. Labarin Dawanau zai fara ne a inda kowa ya yarda da kowa, sai mutum ɗaya ya ci amana. A ganina wannan ya fi zafi, domin wanda ake nema maƙwabcin rumfa ne, an yi sahu ɗaya da shi a sallar Azahar.

A dubi yadda ake cinikin riɗi. Mai saye ya tsuguna gaban buhu, ya soka ɗan ƙarfen nan mai rami a gindinsa, ba a baki ba, domin ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Ya zazzage a tafin hannu, ya murza, ya hura, ya karkata hannun ga rana yana neman yashi da ƙaiƙayi. Ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya ji ko ya bushe. Sannan ya tambaya na bana ne ko na bara. Dillali ya ce ya taya. Ya taya, aka ce albarka. Ya ƙara, aka ce ya dai ƙara. In an daidaita a ce an sallama, Allah ya sa a ci riba, sai maganar la'ada da kuɗin dako da na ɗinki. Kowace kalma a nan tana da mai faɗinta da lokacin faɗinta. Wanda ya ce shi tsohon dillali ne amma ya soka buhu a baki, ko ya faɗi kuɗi kafin a taya, ya tona kansa, kuma mai karatun da ya san kasuwa zai riga ɗan sandan labarin ganewa. Wannan jin daɗin shi ne abin da masu karatun Black Mask suka riƙa saye da kuɗinsu.

Lissafin kuɗi ma haka. A Nijeriya tsofaffin 'yan kasuwa in sun ce jaka, naira 200 suke nufi, gadon zamanin da jaka take fam 100. A Nijar jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Mutumin da ya rantse shi ɗan Bichi ne, bai taɓa tsallaka Jibiya ba, amma da ciniki ya yi zafi ya fara lissafi da dala, ko ya ce kuɗɗi, ko ya ce ya tahi, ya ba mai bincike abin da duka ba zai ba shi ba.

Abin da za a gina labari a kai ma ba sai an ƙago shi daga sama ba. An rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk rufewar iyaka tana buɗe hanyoyin daji. A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Ba aikina ba ne in yanke hukunci a kan wannan. Abin da ya shafi marubuci shi ne, buhu ɗaya ne a sito ɗaya, hukuma ta ce ɓoyewa, mai kaya ya ce ajiya, talaka a layin awo yana da nasa sunan da yake kiran abin. Marubucin da ya iya ba kowannensu bakinsa ya riga ya rubuta rabin littafi.

Ga ɗan misali da na tsara da kaina, don a ga abin da nake nufi. Sufeto ne ya zo rumfar wani dattijon dillali.

"Alhaji, barka da kasuwa."

"Barka kadai, yallaɓai. Yau hukuma ce da kanta a rumfarmu? A kawo wa yallaɓai ruwa."

"A bar shi, na gode. Tirelar riɗin da ta kwana nan ranar Laraba, wa ya yi dillancinta?"

"Kasuwa ai ta mutane ce, yallaɓai. Mota ta shigo, mota ta fita."

"La'adar fa, Alhaji? Ita ma fita ta yi?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya dubi yaron da ke ɗinkin buhu a gefe. "Kai, je ka ci abinci."

Babu ashar a nan, babu bindiga, babu ko kalma ɗaya ta 'yan daba. Amma an yi faɗa, kuma an san wanda ya yi nasara. Sufeton ya ci ne da tambayar la'ada, domin ɗan gida ne kaɗai ya san cewa mota na iya ɓacewa amma wani ya karɓi la'adarta. A lura kuma bai daina cewa Alhaji ba. Philip Marlowe, mai bincike a littattafan Chandler, yana iya yaɓa wa attajiri baƙar magana a fuska, mai karatu ya yi masa tafi. Bahaushen jami'i in ya yi wa sa'an mahaifinsa haka a gaban jama'a, mai karatu zai tsane shi, kasuwar kuma ta rufe masa baki. Makaminsa gatse ne da habaici da karin magana da shiru a inda ake jiran ya yi magana. Taurin ran mai binciken Hausa a cikin ladabi yake ɓuya.

In aka juya ga yaron da aka kora ya ci abinci, murya sai ta sauya. Shi zai ce, "Wallahi oga ni ɗan dako ne, lodi kawai muka yi, aka ba mu na shayi." A bakin irinsa ne za a ji an kai wane caji ofis, ya kwana a bayan kanta, an yi awon gaba da shi, yana gidan maza, ko gidan Ɗan Kande, ko kawai a ce yana Kurmawa ko Goron Dutse. A nan ne za a ji sojan gona da ɗan sane da ɗan kamasho da na goro. Sunan garin da muke magana a kai ma ya shiga wannan sahu: saboda asibitin masu taɓin hankali da ke can, a cikin Kano in aka ce a kai wane Dawanau an san abin da ake nufi. Marubuci mai kunne zai san cewa ɗan birni ne zai faɗi haka, mutumin garin ba zai faɗa ba, kuma maganar tana da ciwo ga wanda ke da majinyaci a can.

Akwai kuma muryar da ban taɓa cin karo da ita a labarin laifi ba, ta matan da ke tsintar zoɓo da gyaran riɗi a sito-sito. Suna wuni a wurin, suna ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, ba mai lissafa su. Tunda mata ne suka fi yawa a marubutan Hausa na yau, wannan ƙofa ce da su za su fi kowa iya shiga.

Tsufan sara da maganar tarbiyya

Gargaɗin Chandler yana nan a kanmu. Akwai lokacin da 'yar Murtala da wazobiya suke kuɗin da za a yi faɗa a kansu, yau yaro ma sai ya raina. Sunayen kayan maye sun fi komai saurin juyawa: sholisho, roci, sannan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a maganin tari a 2018. Littafin da ya jingina da irin waɗannan kaɗai, shekara goma ta ishe shi tsufa. Tayi da albarka da la'ada da sallama kuwa kakanninmu sun faɗe su, jikokinmu za su faɗa. Don haka nake ganin karin harshen sana'a ya kamata ya zama tushe, sara kuma a sa ta da awo, a bakin wanda ya dace, inda jimlar da ke kewaye za ta fassara ta ko bayan an manta da ita.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Iyaye da malamai suna tsoron kada littafi ko fim ya koya wa yara bakin 'yan daba, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne ga duk wanda ya san abin da faɗan daba da ƙwacen waya suka yi wa unguwannin Kano. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar a 2001, an ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007, a 2021 kuma hukumar ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Ina tare da masu neman a kare tarbiyya. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa in an goge muryar mai laifi daga littafi an rage laifi. Yaron da ke unguwa ya riga ya ji maganar. Abin da bai ji ba shi ne inda take kai mai yinta, kuma labari ne kaɗai zai nuna masa wannan daga farko har ƙarshe. Sharaɗin shi ne kada marubuci ya mai da ɗan daba gwarzo, kada kuma ya fake da gaskiyar titi ya zuba batsa. Hammett ya rubuta yawancin littattafansa ƙarƙashin editan da ba ya yarda da ashar, kuma hakan bai rage musu ƙarfi ba.

Abin da ya rage mu yi

A Amurka ba marubuta kaɗai suka yi aikin ba. Masanin harshe David Maurer ya yi shekaru yana zama da 'yan damfara yana rubuta maganarsu, ya fitar da The Big Con a 1940, marubuta da masu fim suka yi ta ɗiba daga ciki. Mu muna da ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kuma ɗalibai sun yi kundaye a kan sara da Hausar rukunoni daban-daban. Sai dai yawancin kundayen suna kan kanta a ɗakunan karatu, marubucin da ke buga labarinsa a waya bai san da su ba. A gefe guda kuma maganar tana zuba kullum a shirye-shiryen rediyo irin su Inda Ranka na gidan Freedom, da zaman kotuna, da bakin tasha.

Roƙona ga sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Umaru Musa 'Yar'aduwa shi ne su tura ɗalibai Dawanau a lokacin kaka, da izinin shugabannin kasuwar, ba tare da ɗaukar sunan kowa ba, su tattara Hausar dillalai da 'yan dako da direbobi da mata masu gyaran kaya, kowace kalma da jimlar da aka ji ta a ciki da wanda ya faɗe ta ga wa. A buga abin da aka samu a ƙaramin littafi mai arha, a sa shi a intanet, a kai wa ƙungiyoyin marubuta. Ku kuma marubuta, kafin ku zauna rubuta labarin bincike na gaba, ku hau motar Dawanau, ku nemi benci a rumfar wani dattijo, ku gaishe shi, ku yi shiru ku saurara har a tashi kasuwa.